Gasar Jawabi da Binciken Salsala: Darasi Daga Farsiyawan Indiya

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ɗalibai ke gasar jawabi ya san yadda abin yake gudana. Sai a ba ɗalibi batu, ya je ya tattaro kalmomi masu nauyi ya haddace, ya zo ya zubo su cikin minti biyar, a yi masa tafi, a miƙa masa kofi. In taro ya watse, da mai jawabin da alƙalai da masu sauraro babu wanda ya ƙaru da wani sani. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, ya kamata a ɗora irin wannan gasa a kan bincike, kuma binciken da ya fi kusa da hannun kowane ɗalibi shi ne na salsalar gidansu. Al'ummar Farsiyawa ta ƙasar Indiya ta isa misali a kan haka.

Farsiyawa mabiya addinin Zaradushtu ne, waɗanda littattafan Larabci ke kira Majusawa. Kakanninsu sun taso daga ƙasar Farisa ta teku, suka sauka a Sanjan, a gaɓar Gujarat. Masana sun rabu a kan lokacin saukarsu, tsakanin ƙarni na 8 da na 10. Daga baya suka yaɗu zuwa Nabsari da Surat, sa'an nan Bombai, wadda tun 1995 ake kira Mumbai. Ba su taɓa yin yawa ba, yanzu kuwa raguwa suke yi. Ƙidayar 1941 ta same su wajen 114,000. A 2001 sun koma 69,601, a 2011 kuma 57,264. Jinkirin aure, da ƙarancin haihuwa, da ƙaura zuwa Ingila da Amurka da Kanada, su ne manyan dalilai. Abin ya kai har gwamnatin Indiya ta kafa shirin Jiyo Parsi a 2013 don taimaka wa ma'aurata su sami haihuwa. A al'umma irin wannan, duk tsohuwar da ta rasu takan tafi da sunayen da ba wanda ya sake riƙe su.

Wannan al'umma kuwa ta daɗe da sanin darajar magana a bainar jama'a. A 1848 Dadabhai Naoroji da abokansa suka kafa ƙungiyar ɗalibai ta adabi da kimiyya a makarantar Elphinstone ta Bombai, inda ɗalibi zai rubuto maƙala ya karanta, 'yan'uwansa su yi masa tambayoyi. Muhawarar da suka yi a kan ilmin mata ba ta tsaya a baki ba, domin a 1849 suka buɗe makarantun 'yan mata, su da kansu suna koyarwa. Shi Naoroji ɗin ne aka zaɓa zuwa Majalisar Wakilai ta Ingila a 1892. Abin da ya ba jawabansa ƙarfi shi ne alƙaluman da ya yi shekaru yana tarawa game da dukiyar da ake kwashewa daga Indiya. Watau fasahar bakinsa a kan bincike ta tsaya.

To, ina amfanin ɗora gasa a kan salsala? Na farko, takan koya wa ɗalibi bambance abin da aka ji da abin da aka tabbatar. Alal misali, akwai sanannen labarin da Farsiyawa ke bayarwa, cewa sarkin Sanjan, Jadi Rana, ya aiko wa baƙin da ƙwarya cike da madara don ya nuna ƙasarsa ta cika, shugabansu kuwa ya zuba sukari a ciki ya mayar, ma'ana za su zaƙaƙa ƙasar ba tare da sun cunkushe ta ba. Labari ne mai daɗi a bakin mai jawabi. Amma wanda ya koma ga Ƙissar Sanjan, waƙar da malamin addini Bahman Kaikobad ya rubuta da Farisanci a 1599, ba zai sami zancen madarar a cikinta ba. Ita kanta ƙissar an rubuta ta ne ɗaruruwan shekaru bayan saukar. Ɗalibin da ya gano wannan da kansa ya sami abin da haddar jawabi goma ba za ta ba shi ba.

Na biyu, kayan aikin suna nan, masu amfani da su ne ke ƙaranci. Da yake malantar addini a wurinsu gado ce ta wajen uba, gidajen malamai na Nabsari sun adana jerin kakanninsu a rubuce, kuma ɗakin karatu na Meherjirana da aka kafa a garin a 1872 yana riƙe da tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Akwai littafin Parsi Prakash na Bomanji Patel, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1888, cike da labarin rasuwa da ayyukan mutane shekara bi shekara. A kwanaki goma na ƙarshen shekararsu, waɗanda suke kira Muktad, akan ambaci mamatan kowane gida da sunayensu, don haka gidaje da yawa suna da jerin sunaye a ajiye. Hatta sunan gida shaida ne. Batliwala daga sayar da kwalabe ya samo asali, Bulsara kuwa daga garin Bulsar. Sai dai akasarin waɗannan takardu da Gujaratanci suke, yara da yawa da suka tashi da Turanci kuwa ba sa iya karanta shi. Gasar da za ta tilasta wa yaro ya zauna gaban kakarsa da tsohon littafi ta yi aiki biyu ke nan.

Na uku, bincike yakan tono abin da rubutacciyar salsala ta binne. Jerin kakannin yana bin maza ne, mata kuwa sau da yawa ba a ambatonsu. Tun bayan hukuncin da babbar kotun Bombai ta yanke a 1908, 'ya'yan Bafarsiye da matar da ba ta cikin al'umma ana karɓarsu, amma 'ya'yan Bafarsiya da ta auri bare, masu ra'ayin riƙau ba sa ƙirga su. Har yau ana jayayya a kan wannan. Ɗalibin da ya bi dangin uwarsa kamar yadda ya bi na ubansa zai zo gaban alƙalai da magana mai nauyi, wadda ta shafi makomar mutanensa.

Wani zai ce wannan hanya ce ta alfahari da asali, ɗan babban gida ya zo ya yi ta jero kakanni, ɗan talaka ya sunkuyar da kai. Wannan tsoro yana da tushe, domin su kansu Farsiyawa suna da gidajen malamai da na sauran jama'a. Maganinsa yana hannun alƙalai. Kada a ba da maki don girman kakan da aka ambata. A ba da shi don yawan mutanen da aka tambaya, da yadda aka gwada maganar wannan da ta wancan, da gaskiyar ɗalibi wajen faɗin inda sawu ya ɓace masa. Jikan mai sayar da kwalabe da ya tabbatar da kakanni huɗu ya fi jikan attajiri da ya jero goma sha biyar ba hujja. Wani kuma zai ce gasar jawabi ta gwajin baki ce, ba ta tarihi ba. Amsa ita ce, mutum ya fi iya magana a kan abin da ya sha wuya kafin ya sani, kuma tambayar alƙali ba ta firgita shi.

Daga ƙarshe, abin da ya dace da zauren Mumbai ya dace da kowane zauren da ɗalibai ke gasa, har da na wannan sashe. A ware zagaye ɗaya na gasar bana ga salsala, a ba masu shiga hutu guda su je gida su yi tambaya, a kuma karɓi rubutaccen sakamakon a ajiye a ɗakin karatu kafin kowa ya hau mumbari. Bahaushe ya ce waiwaye adon tafiya. Tsofaffin da za a tambaya kuwa ba za su jira gasar baɗi ba.