Akwatin da ke cizo bayan an kashe shi

Tun 1947 aka ƙirƙiro taransista, amma har gobe makaɗan jita ba su saki amfilifaya mai ƙwayayen gilashi ba, waɗanda masu gyara ke kira bawul. Dalilinsu zaƙin amo ne. Nawa dalilin daban: na'ura ce da aka ƙera domin a gyara. Fender Bassman na 1959, wanda kamfanin Marshall na Ingila ya kwaikwaya a 1962, mai haƙuri na iya bin wayoyinsa da ido ɗaya bayan ɗaya.

Sai dai, ya mai karatu, a cikin akwatin nan akwai ajali. Manyan kafasitocinsa na riƙe wuta sama da bolt 400, kuma zare waya daga bango ba lalle ya zubar da ita ba. Kafin yatsa ya shiga, wajibi ne a tsiyaye wutar ta cikin rezista, sannan a auna da mita a tabbatar. Sukudireba ba abin wannan aiki ba ce. Tsofaffin masu gyara kan sa hannu ɗaya a aljihu, don kada wuta ta ratsa ƙirji daga hannu zuwa hannu.

Ciwon kuwa yakan faɗi sunansa da kansa. Gurnani marar yankewa, ko da an rage murya, galibi kafasitocin tace wuta ne suka bushe saboda shekaru. Ƙaramin bawul irin 12AX7 idan ya gaji, da an ƙwanƙwasa shi da busasshen tsinke sai a ji ƙarar a sifika. Babba kuma, 6L6 ko EL34, idan farantin cikinsa ya yi ja kamar garwashi, a kashe nan take. Fis ya ƙone? Akwai abin da ya ƙone shi. Ɗaure shi da waya, kamar yadda muka saba, sayar da taransifoma ne a kuɗin fis.

Abu biyu ke kashe waɗannan na'urori a hannun masu gaggawa. Kaɗa shi babu sifika a haɗe na iya ƙone taransifomar fitar da sauti. Wanda aka ƙera domin Amurka kuwa bolt 120 ya sani, alhali wutarmu ta ninka haka. A duba rubutun bayan akwatin kafin a kai shi ga soket.