MAI SHAN MAGANIN BARCI DA SHIGA RUWA: MAGANAR DA MUKE KAUCE WA

Jama'ar Madachi, Rano da Kibiya, duk lokacin da ruwa ya cika a Tiga da Ruwan Kanya, kududdufai suka tumbatsa, sai mu fara jin wane ya nutse. Mu yi salati, a ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, ajali ba ya wuce lokacinsa. To amma akwai tambayar da ba ma yi: me mutumin nan ya sha kafin ya shiga ruwa?

A ƙasashen da ake nutso da tukunyar iska a baya, ba a barin mutum ya sauka sai ya cike takardar lafiya. Cikin abin da ake tambaya har da maganin barci, maganin damuwa da na farfaɗiya. Dalilin a fili yake. Duk mita 10 da mutum ya ƙara ƙasa, nauyin da ke danne jikinsa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da muke ciki a tudu. Idan ya kai wajen mita 30, iskar da yake shaƙa takan sa shi wani irin maye, tunani ya yi nauyi. Ka haɗa wannan da diazepam, ka ga maye biyu ke nan a kai ɗaya. A Ingila, mai farfaɗiya sai ya shekara 5 bai faɗi ba, kuma ba ya kan magani, kafin likitocin nutso su amince masa.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, ai ba mu da tukunyar iska. To ai mu namu ya fi haɗari. Masuncinmu da mai ɗebo yashi da mai yasar rijiya da numfashinsu kaɗai suke sauka. Da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai ranar 30 ga Nuwamba 2021, aka rasa sama da mutum 20, yawancinsu ɗaliban Islamiyya, irin waɗannan masu nutso na gargajiya ne suka taya jami'an ceto aiki. Mutumin da rayuwar wasu ke hannunsa, dole kansa ya kasance garau.

Masu shan nan kashi biyu ne. Na farko shi ne wanda ya afa tramadol ko rochi wai don kada ya ji sanyin ruwa, ko don ya samu ƙarfin zuciya. Tramadol kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. A tudu sai a riƙe ka har ka farfaɗo. A cikin ruwa wa zai riƙe ka? An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwayoyin nan ba su bar hannun matasanmu ba, kowa ya sani.

Na biyu shi ne bawan Allahn da likita ya rubuta wa magani a Dawanau ko asibitin Malam Aminu Kano. Wannan ba ɗan ƙwaya ba ne, marar lafiya ne mai neman sauƙi. Mu ne muka sa yake ɓoyewa, don da an ji sai a ce mahaukaci, a hana shi aure, a cire shi daga sana'a. Sai ya yi shiru ya shiga ruwa, ko kuma ya yanke maganin da kansa. Wannan na ƙarshe ma ya fi muni: yanke maganin farfaɗiya ko na barci farat ɗaya yana iya kayar da mutum nan take.

Na san abin da za a ce: idan bai shiga ruwa ba, me iyalinsa za su ci? Wallahi tambaya ce mai nauyi. Amma sana'ar su ba nutso kaɗai ba ce. Akwai gyaran koma, akwai jan taru a bakin gaɓa tare da jama'a, akwai banda da sayar da kifi. Kuma ba kowane magani ne ke hana shiga ruwa ba, likita ne zai bambance.

Don haka, ɗan'uwa, idan ka je asibiti ka faɗa wa likita sana'arka, ka tambaye shi ƙarara: zan iya shiga ruwa da maganin nan? Likitocinmu su ma su riƙa tambaya. Sarakunan ruwa da shugabannin masunta su buɗe ƙofar da mutum zai faɗi lalurarsa a asirce ba tare da an yi masa tambari ba. Wanda aka ga idonsa ya canja, a hana shi kwale-kwale ranar, ko ɗan wane ne. Kuma kada kowa ya sauka ruwa ko rijiya shi kaɗai, babu igiya, babu mai tsaye a kansa.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya jiƙan waɗanda ruwa ya ci, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.