Zafin Babur: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Masu manyan baburan doguwar tafiya a Amurka, irin waɗanda ke cika garin Sturgis na jihar Dakota ta Kudu duk watan Agusta, kukansu ɗaya ne: inji yana gasa musu cinya. Kuma tuni suka yanke hukunci kan mai laifi. Wai hukumar kare muhalli ta EPA ce ta tilasta wa kamfanoni rage fetur ɗin da inji ke sha, ta kuma sa aka cusa matatar hayaƙi a bututun salansa. Maganin da suke ba juna kuwa shi ne a fige matatar, a ɗaura na'urar ƙara mai, a huta. Wannan zance bai shiga kaina ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, ba na musu. Matatar nan, wadda makanikanmu ke kira indomi, ba ta aiki sai ta ɗauki zafi sosai, kuma ƙarin fetur yakan ɗan sanyaya kan silinda. Amma kowane injin fetur, da doka ko babu doka, abin da yake mayarwa ƙarfin juya taya da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin uku na man da ya ƙona. Saura duk zafi ne, kuma dole ya fita. Abin tambaya shi ne ta ina zai fita, kuma wa aka zaunar a bakin ƙofar.

A dubi ƙirar Harley-Davidson. Silinda biyu ne, ɗaya a bayan ɗaya. Na gaba shi ke shan iska. Na baya yana laɓe, kansa dab da sirdi, tsakanin cinyoyin mai tuƙi, bututun hayaƙinsa kuma ya biyo ta gefen ƙafar dama. Sai a kawo faffaɗar garkuwar iska a rufe gaba don jin daɗin tafiya, a tare iskar da injin ya dogara da ita. Ga shi injin kullum ƙara girma yake: cc 1,450 a 1999, cc 1,584 a 2007, har ya kai cc 1,868 a Milwaukee-Eight 114. Wurin zaman mai babur bai matsa ko'ina ba. Da an shiga cunkoso iska ta tsaya, zafin sai ya taso kai tsaye ya shige wando. Wace doka ce ta zana wannan?

Kamfanin da kansa ya san inda gizo ke saƙa. Ya sa wa baburansa tsarin da ke yanke wa silindan baya mai idan an tsaya inji na aiki, don ya huce. Da matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, a samfurin 2014 ya fara zagaya ruwa a kan silindan wasu baburan, amma ya ɓoye lagireto cikin murfin da ke kare ƙafafu, kamar abin kunya. To, kunyar wa ake ji? Ta masu sayen. Su ne suka juya wa V-Rod baya, babur mai sanyaya da ruwa wanda aka ƙera injinsa tare da Porsche, suna cewa ba Harley ba ne, har aka daina yin sa a 2017. Suna son surar kakanni da rugugin kakanni a injin da ya ninka na kakanni, sannan su ce gwamnati ce ta ƙona su.

Honda Gold Wing ma a ƙarƙashin dokar EPA ɗin yake, a titunan nan dai yake gudu, injinsa cc 1,833. Tun 1975 da ruwa yake sanyaya, silindansa kuma kwance suke can ƙasa, gaba da ƙafafu. Shi ma yana fitar da zafi, sai dai wanda ya bi ta lagireto ana iya nuna masa hanya: lagiretocinsa a gefe suke, iskar mai zafi waje take fita. Kamfanin Indian ma ya fito da Challenger mai sanyaya da ruwa a samfurin 2020, lagireto a gaba, bai ɓoye ba.

Wanda ya cire matata zai ji sauƙi a idon sawun dama, wannan gaskiya ne, amma silindan baya yana nan inda yake. Abin da ya ƙaru shi ne shan mai da hayaƙin da na bayansa zai shaƙa. A 2016 Harley-Davidson ya amince ya biya tarar dala miliyan 12 saboda sayar da irin waɗannan na'urorin ƙara mai, kusan 340,000, waɗanda aka ce na filin tsere ne amma suka ƙare a kan titi.