Daren da Ruwa Ya Riga Labari Isa Jibiya

Kakata ba ta taɓa ganin taswirar yanayi ba, amma da la'asar in ta leƙa gabas ta ga hadari ya yi baƙi ƙirin, ƙasansa da jan ƙura, sai ta ce, "Ku kwashe shanya, wannan da iska yake tafe." Kafin mu gama ɗaure awaki iska mai sanyi ta iso tana buga ƙyaure, sannan ruwa ya kece. Da wuya ta yi kuskure. Sai dai iliminta na rana ne. In hadari ya haɗo bayan dare ya raba, ita ma tsawa ce ke tashinta kamar kowa.

Irin wannan dare ne ya faɗa wa Jibiya ranar Lahadi 15 ga Yuli, 2018, wayewar Litinin. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya cika magudanai, ya bi cikin unguwanni mutane na barci, ya rusa ɗaruruwan gidaje, ya tafi da dabbobi. Sama da mutum 40 suka rasu, Allah Ya jiƙansu. Wasu gawawwakin sai a Madarumfa aka tsamo su, cikin Nijar, domin gulbin da ya ratsa Jibiya can ya nufa kafin ya kai Maraɗi, kuma ruwa ba ruwansa da shingen kwastan. Wata guda kafin nan, a kwanakin ƙaramar sallah, guguwa ta yaye rufin gidaje a Bauchi ta karya turakun lantarki.

A lokacin na ɗauka irin wannan hadari kwatsam yake faɗowa. Daga baya na gane ba haka ba ne. Manyan hadarurrukan damina a ƙasarmu a jere suke tafiya, layi guda mai tsawon ɗaruruwan kilomita, daga gabas zuwa yamma, suna gudun kamar kilomita 50 a awa. Iskar nan mai sanyi da kakata ke jira, ruwan da ke zubowa ne ke sanyaya ta, ta faɗo ƙasa ta bazu a gaban hadarin tana kwasar ƙura, ita ce ke ɗage kwanon rufi. A cikin gajimaren kuma wata iska ce ke hawa sama da ƙarfi, tana cilla ɗigon ruwa inda sanyi ke daskarar da shi, yana ƙara kauri har ya fi ƙarfinta ya faɗo. Ƙanƙarar da ke yayyaga ganyen masara ke nan, wadda manoman dankali a tsaunin Jos suka sani farin sani.

Duk wannan ana kallonsa daga sama. Taurarin ɗan'adam na Meteosat suna ɗaukar hoton Afirka duk bayan minti 15, sababbin ma minti 10, dare da rana, domin sanyin ƙoluwar gajimare suke aunawa, ba sa buƙatar haske. Da waɗannan hotuna ne masanin yanayi Christopher Taylor da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Nature a 2017 cewa yawan hadarurruka mafiya tsanani a yankin Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, suka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Wato in dattijo ya ce maka ruwan yanzu ya fi na da fushi, ba tsufa ke damunsa ba.

Muna da NiMet mai hasashen yanayi, muna da NIHSA mai fitar da hasashen ambaliya duk shekara, a Yamai akwai cibiyoyin nazarin yanayi na ACMAD da AGRHYMET. Ban raina aikinsu ba. Amma sanarwar da aka yi a Abuja tun kafin a yi shuka, mai lissafa ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari, ba ta tashin mai barci. Gaskiya ne na'ura ba za ta faɗa maka wace unguwa ruwa zai ci ba. Wannan ya danganta da kwatar da shara ta toshe da gidan da aka gina a kan hanyar ruwa. Amma hadarin da ke kan birnin Katsina, kusan tafiyar awa guda ce tsakaninsa da Jibiya. Awa guda ta isa uwa ta goya jariri, ta ja hannun yayyensa su hau tudu.

Ranar 29 ga Mayu, 2025, ruwa ya sake samun mutane a kwance a Mokwa da asuba, sama da 150 suka rasu. Da na ji labarin, lasifikar masallacin unguwarmu ce ta faɗo mini a rai. Ita ke tashinmu sahur duk azumi, muryarta na kaiwa har gidajen bakin rafi. Da na tambayi ladan ko akwai wanda ya taɓa kiransa cikin dare ya ce masa babban hadari na tafe, sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, wa ma ya san lambata?"