Wa Ya Ce Lissafi Na Maza Ne?

Akwai wata gardama a jami'o'i da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma yau sai na amayar da abin da ke cikina. Wai duk mai nazarin zamantakewar al'umma da ke kishin mata bai kamata ya taɓa alƙaluma ba. Wai ƙididdiga kayan aikin maza ce, ba ta da tausayi, tana mai da mace lamba, don haka abin da ya dace da mu shi ne a shimfiɗa tabarma a yi hira. Can ɗaya gefen kuma ga ma'abota jadawali da kwamfuta suna taɓe baki, wai hira ai gulma ce aka sa wa rigar boko. Duk sun ishe ni. Amma na farkon sun fi ƙona mini rai, don su ne nawa.

Ba a ce ƙorafin ba shi da tushe ba. Tun 1920 masanin tattalin arziki Arthur Pigou na Ingila ya lura cewa idan mutum ya auri mai yi masa aikin gida, a takarda arzikin ƙasa raguwa yake yi, alhali sharar nan da girkin nan ba abin da ya ragu, albashi kawai aka daina biya. A 1988 Marilyn Waring ta Niyu Zilan ta rubuta littafi sukutum kan yadda tsarin lissafin arzikin ƙasa na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shafe irin wannan aiki. Reno, jinya, wanki, girki: sifili.

Mu nan ma ba sai an ba mu labari ba. Mai ɗaukar bayanai ya zo, ya ga "ba shiga" a ƙofa, ya tsaya a zaure ya tambayi maigida ko matarsa tana aiki. A'a, tana gida. Ya rubuta, ya wuce. Matar nan kuwa tun asuba take suyar ƙosai, tana murza ƙuli-ƙuli, tana ɗinkin hula, ga awaki, ga adashi, wata rana ma ita ke ranta wa maigidan kuɗin cefane. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi rubutu kan wannan ɓoyayyen ciniki tun 1969. Enid Schildkrout ta bi sawun 'yan talla a Kano a shekarun 1970 ta ga hannun da ke juya kuɗin daga cikin gida.

To amma laifin wa? Na lamba, ko na wanda ya tsara tambayar da wanda aka tambaya? Haushin kaza huce kan dami ke nan. Idan mai awo ya lotsa gindin mudunsa yana cutar ki, rantsuwa za ki yi kin daina awo har abada? Naki mudun za ki ɗauko daga gida.

Abin dariyar, wadda ake yawan fakewa da ita ba haka ta tsaya ba. Ann Oakley ta yi suna da maƙalarta ta 1981, inda ta caccaki ƙa'idar da ke cewa mai bincike ya tatsi bayani ya rufe bakinsa, ko da mace mai ciki ta tambaye shi abin da ke tsorata ta. Gaskiya ta faɗa. Amma ita ɗin ce ta yi hira da matan aure 40 a Landan, a 1974 ta fito da lamba: awa 77 na aikin gida a mako. Ita ce kuma a 1998 da 2000 ta fito fili tana kare ƙididdiga da gwaji. Wannan ɓangaren ba a cika sa ɗalibai su karanta ba. Me ya sa?

Amartya Sen bai zauna da kowace uwa ba a 1990. Yawan maza da mata ya gwada a Sin da Indiya da wasu ƙasashe, ya ce sama da mata miliyan 100 da ya kamata a ce suna raye babu su. Hira nawa za ki yi ki gano wadda ba a bari ta rayu ba? Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce a 2018 mata ke yin kashi 76 cikin 100 na aikin kula da iyali da ba a biya. Binciken lafiya na Najeriya na 2018 ya ce a kowace haihuwa 100,000 mata 512 ke rasa rai. Je ki gaban masu rabon kasafin kuɗi da hawaye, za su ce Allah ya kyauta. Tambayarsu ɗaya ce, su nawa ne.

Ga abin da ya fi ci mini rai, 'yar'uwa. Tun firamare ake raɗa wa yarinya cewa lissafi ba nata ba ne. Ta sha wuya ta kai jami'a, sai a sake gaya mata maganar nan dai, amma da Turanci mai kauri, da sunan 'yantar da ita. Sau da yawa ma ba aƙida ba ce, tsoron darasin ƙididdiga ne aka naɗa wa rawani.

Su kuma masu jadawali kada su yi murna. Wanda ya tambayi mace ko ana dukan ta, mijin yana tsaye a kanta, ƙarya ya tara, ko a kwamfuta nawa ya zuba ta. Labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya fi tarin irin waɗannan takardu sanin cikin gida.

Najeriya ta yi ƙidaya a 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma aka ɗage ta. Duk ranar da za a yi, wasu ne za su rufe ƙofa su tsara tambayoyin, su yanke wanda za a tambaya da abin da za a kira aiki. Ina son mata a ɗakin nan, ba masu rabon lemo ba, masu iya duban jadawalin farfesa su ce, "Ranka ya daɗe, nan ka yi kuskure."