FILIN SHAƘATAWA: Darar Sarki Daga Ƙarshe Ake Koyonta

A wannan fili namu mun saba taɓa hira a kan abubuwan da mutum ke rage dare da su bayan ya sauke nauyin yini. A watannin baya mun yi maganar kokowa, mun yi ta karta da ludo, mun kuma taɓo fina-finan Indiya da samarinmu ke kwana kallo. Wannan wata kuwa darar sarki za mu shiga, watau wasan nan da Larabawa ke kira shaɗaranji, masu jin Faransanci su ce eshek, masu jin Ingilishi su ce ces. Sai dai daga ƙarshen wasa za mu kama, domin wani abu da ya same ni a hutun da ya wuce, wanda har yanzu in na tuna sai kunya ta rufe ni.

Kafin in ba da labarin, bari in yi wa wanda bai san wasan ba ɗan bayani. Allon yana da gidaje 64, takwas a tsaye takwas a kwance. Layukan tsaye ana kiransu da haruffa, daga a zuwa h, sahun kwance kuma da lambobi, daga 1 zuwa 8, saboda haka kowane gida yana da sunansa, kamar e4 ko h8. Kowane ɗan wasa yana farawa da ƴaƴa 16: sarki, waziri (wasu sarauniya suke ce masa), hasumiya biyu, giwa biyu, doki biyu, da dakaru takwas. Sarki gida ɗaya yake takawa, ta kowace fuska, kuma ba ya shiga gidan da za a ci shi. Dakare gaba kawai yake tafiya, yana ci a karkace, in kuwa ya kai sahun ƙarshe sai a naɗa shi waziri. Wanda ya ritsa sarkin abokin wasansa, ya kai masa hari ba mafita, shi ya ci.

To, a fadarmu ta shan shayi, shekara uku ke nan da wani abokinmu tela ya kawo allon nan daga tafiya, tun daga sannan kuma karta ta rasa rabin mutanenta. Ni dai na ɗauki kaina gwani, don na haddace hanyoyin buɗe wasa iri-iri, ina fitar da dokina da giwata kamar yadda manya ke yi. Ran nan sai ga wani yaro ɗan shekara 12, ɗan ajina a lakwal, an aiko shi wurin mahaifinsa. Ya tsaya yana kallo, can ya russuna ya ce, "Mushe, ko zan gwada?" Na ce masa ya zauna. Bayan kamar awa guda allo ya share, ni ina da sarki da dakare ɗaya, shi kuwa sarki ne tilo. Na ce a zubo mini shayi na biyu, wasa ya ƙare. Na shiga tura dakare gaba, sarkina na bin sa a baya, har dakare ya kai e7, sarkina yana e6, nasa yana e8. Yaro ya ɗago kai ya ce, "Mushe, ba ni da gidan zuwa, kuma ba ku kai mini hari ba. Canjaras ne." Haka dokar take: in taku ya zo kan mutum, ba shi da abin da zai motsa, sarkinsa kuma ba a kai masa hari ba, wasa ya tashi ba wanda ya ci. Fada ta kaure da dariya, tela ya ce, "Malam, yau dai dara ta ci gida."

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Shekara uku ina wasa, ashe ban iya kai dakare ɗaya gida ba. Da na koma bincike sai na tarar tuni magabata suka gano ciwon. Kapablanka, mutumin Kuba da ya riƙe kambun duniya daga 1921 zuwa 1927, shawararsa ga mai koyo ita ce ya fara da ƙarshen wasa, kuma littafin da ya rubuta wa masu koyo a 1921 da nan ya buɗe: yadda ake ritsa sarki tilo, da yadda ake kai dakare sahun ƙarshe. Ni da nake malamin makaranta bai kamata a faɗa mini wannan ba. Ba mu taɓa koya wa yaro rabawa kafin ya iya tarawa ba. Da ƴaƴa 32 a kan allo mai koyo ba ya sanin dalilin cinsa ko faɗuwarsa, amma da ƴaƴa uku ba inda kuskure zai ɓuya.

Ga abubuwa huɗu da na koya cikin hutun nan. Mai allo ya ɗauko ya jera, domin da hannu ake gane su.

Na farko, fuskantar sarakuna. In sarakuna biyu suka tsaya a layi ɗaya da gida guda a tsakaninsu, ba wanda zai iya matsowa, kuma wanda taku ya faɗo kansa shi ne zai kauce ya ba da hanya. Jera farin sarki a e5, farin dakare a e4, baƙin sarki a e7. In baƙi ne da taku, ya faɗi: ya kauce zuwa d7, farin sarki ya shige f6, ya kauce zuwa f7, ya shige d6, daga nan sai ya yi wa dakarensa rakiya har gida. Amma in fari ne da taku, canjaras ne. Farin sarki ya je d5, baƙi ya tare shi a d7. Dakare ya hau e5, baƙi ya koma e7. Dakare ya hau e6, baƙi ya ja da baya sak zuwa e8. Farin sarki ya zo d6, baƙi ya fuskance shi a d8. Dakare ya hau e7, baƙi ya dawo e8, farin sarki ya zo e6 don kada a cinye masa dakare, shi ke nan an koma gidan da yaron nan ya ajiye ni. Ƴaƴa iri ɗaya, gidaje iri ɗaya, bambancin kawai wa ke da taku.

Na biyu, sarki a gaba, dakare a baya. Maido da dakaren nan e3, ka bar sarakuna inda suke. Yanzu ko fari ne da taku ya ci, domin zai tura dakare e4, ya jefa wa baƙi takun da ba ya so. Watau takun dakare ajiya ce, ba a kashe ta sai ranar bukata, kuma dakare in ya tafi ba ya dawowa. Ni kuwa a wasana sai na kashe ajiyata duka tun da wuri. Sannu ba ta hana zuwa. Haka kuma in sarkinka ya kai sahu na 6 dakarensa na bayansa, misali sarki a e6, dakare a e5, baƙin sarki a e8, ka ci, ko wa ke da taku.

Na uku, lissafin murabba'i. Sau da yawa dakare na gudu, sarkin abokin wasa na bin sa, mutum ya kama ƙirga da yatsa har ya rikice. Ga hanya mai sauƙi. Farin dakare yana b4, saura masa taku huɗu ya kai b8. Ƙirga gida huɗu a kwance wajen baƙin sarki, ka kai f4. Murabba'in ke nan: b4, b8, f8, f4. In baƙin sarki zai iya sa ƙafa cikinsa a takunsa, ya kama dakare, in ba zai iya ba, ya makara. Ajiye shi a g5 ka gwada. In shi ne da taku, zai shiga f5 ya cim ma dakaren daidai bakin ƙofa. In fari ne da taku, dakare ya hau b5, murabba'i ya tsuke, ba sauran kama shi. Abin lura ɗaya: dakaren da bai taɓa motsi ba yana iya tsallake gida biyu, saboda haka daga sahu na 3 ake yi masa lissafi.

Na huɗu, dakaren gefe mayaudari ne. Wanda ke layin a ko layin h, in sarkin abokin wasa ya riga ya shiga kusurwar da zai sauka, ba dabarar da za ta fitar da shi, domin babu layi a ɗaya gefen da za ka zagaya. Wanda ke gaba a wasa ya yi tunani kafin ya yi musanyar da za ta bar shi da dakaren gefe kaɗai. Wanda ke baya kuma ya san inda zai gudu.

Bayan waɗannan sai mutum ya koyi ritsa sarki tilo. Da waziri da sarki, taku 10 sun isa ko daga wane hali aka fara, in an yi wasa daidai. Da hasumiya da sarki, taku 16. Da giwa da doki abin yana iya kai taku 33, kuma ko manyan ƴan wasa sukan yi tuntuɓe a nan. Doki biyu kuwa ba sa iya tilasta ritsawa. Amfanin sanin wannan shi ne akwai doka: in kowane ɓangare ya yi taku 50 ba a ci ɗa ba, ba a motsa dakare ba, ana iya neman canjaras. Mai yawo da hasumiya ba tsari sai wankin hula ya kai shi dare.

Kada mai karatu ya ce wannan karatun yara ne. Ranar 12 ga Disamba 2024, a Singafo, aka buga wasa na 14, na ƙarshe, na gasar kambun duniya tsakanin Ding Liren na ƙasar Sin, mai riƙe da kambu a lokacin, da Gukesh na Indiya, suna kunnen doki da maki shida da rabi kowanne. Ding yana da hasumiya, giwa da dakare ɗaya, Gukesh yana da hasumiya, giwa da dakaru biyu, masana kuma duk sun sa ran canjaras. A taku na 55 Ding ya miƙa hasumiyarsa a yi musanya, alhali giwarsa na maƙale a kusurwa. Gukesh ya karɓa, ya tilasta musanyar giwaye, allo ya rage sarakuna da dakaru. A taku na 58 sarkin Ding ya zo e3, Gukesh ya ajiye nasa a e5, gida ɗaya tsakani, taku a kan Ding. Nan Ding ya miƙa hannu ya sallama, Gukesh ya zama zakaran duniya yana ɗan shekara 18. Fuskantar sarakunan nan da muka jera ɗazu, ita ce ta rufe gasar. Gaskiyar Bahaushe, ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Masu darar gargajiya ba baƙi ba ne a wannan sha'ani. Duk wanda ya zauna gindin bishiya ya ga tsofaffi a kan gurabe 30 da ƴaƴa goma sha biyu-biyu ya san cewa in ƴaƴa suka ragu surutu kan ɗauke, kowa ya shiga ƙirga. Kuma abin da ya fi yi mini daɗi, wannan karatu ba ya bukatar kuɗi. Iyaye da malamai da yawa kan ce allo tsada gare shi, ko kuwa nasu ƴaƴansa sun ɓace. Kwali guda, alƙalami, da marafan kwalba uku sun isa duk abin da na kawo a sama. A ajina haka muke yi yanzu ranar da ba karatun yamma: yara bibbiyu, ɗaya da sarki da dakare, ɗaya da sarki tilo, in sun gama su juya. Yaron nan da ya kunyata ni shi ke zagayawa yana gyara musu, ni ma nakan kira shi in na shiga duhu.

Ga aikin gida kafin wata mai zuwa. Wani gwani mai suna Reti ne ya wallafa shi a 1921. Farin sarki a h8, farin dakare a c6. Baƙin sarki a a6, baƙin dakare a h5, yana gangarowa zuwa h1. Fari ne da taku, kuma ana so ya tsira da canjaras. In ka yi lissafin murabba'i za ka ce ba dama, don baƙin dakare ya yi masa nisa, nasa dakaren kuma yana bakin baƙin sarki. Amma akwai hanya. Abin da zan taimaka da shi kawai: daga h8 zuwa h4 taku huɗu ne ga sarki in ya miƙe sak, taku huɗu ne kuma in ya karkata ta tsakiyar allo. Wanda ya gano ya rubuto mana, za mu kawo amsa tare da sunayen waɗanda suka dace.

Sai mun sake saduwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.