Ina Ne Gidan Alhaji Wajen Haraji?

Ƴan uwa, Alhaji na da iyali a Maradi, shago a Kano, kuɗi a Dubai. Ina zai biya lanho? Ƙasashe da yawa na ƙirga kwana 183: wanda ya cika su a shekara, mazauni ne. Dokar UEMOA ta 2008 kan haraji biyu kuwa ba ta shafi Najeriya ba, alhali can muke kasuwanci. A wannan giɓi manya ke ɓuya, mai tebur kuma kullum tikiti.

A Disamba 2023 Nijar ta soke yarjejeniyar haraji da Faransa. Madalla. Saura gida. Muna kira ga DGI ta bayyana ƙa'ida da Hausa a rediyo: inda iyalinka da ribarka suke, nan za ka biya.